Jaba da Ƙofar Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama tsungulin juna.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Ke Lantana, janye ƙafarki daga zanina. Yawwa.

Wata shekara aka yi yunwa a dawa. Muzuru shi ne sarkin rumbu. Ya tara geron kowa ya liƙe da laka. Duk wanda ya zo roƙo, sai ya rantse masa ko ƙwaya babu. Kurciya ta rame, Zabo ya rame, shi kuwa wuyansa har ninki yake yi.

Sai masu haƙa suka haɗa kai, Burgu da Kusu da Kurege da Jaba. Suka yi rami har gindin rumbu, suka huda, suka jawo gero suka watsa a tsakiyar kasuwa. Kowa ya ga ƙaryar Muzuru da idonsa. Burgu ne ya fara hudawa, don haka ya zama babba. Ko'ina ya bi kirari ake masa.

Doka biyu suka kafa. Ta fari, abin da aka yi a rami ba ya fita waje, don in Muzuru ya ji sunan wani, nasa ya ƙare. In sun taru sai Burgu ya ce, "Abin rami?" su amsa, "Na rami ne." To ku amsa mini in ji. Abin rami?

Na rami ne!

Kai Tanko, kai da ba ka amsa kiran aike, ga shi muryarka ta fi ta kowa.

Doka ta biyu, kowa ya nuna wa Burgu ƙofar bayan gidansa. Kun san mai rami ba ya zama da ƙofa ɗaya, akwai ta gudu wadda ko maƙwabci bai sani ba. Aka ce in Muzuru ya tare gaba, Burgu zai shigo ta baya ya cece ka. Jaba ta nuna masa tata da zuciya ɗaya. 'Ya'yanta uku, kuma a lokacin ba ta da wari ko kaɗan.

Ran nan da rana tsaka Jaba tana wajen haƙa. Burgu ya shigo ta baya, ya cinye abincin yara. Babbar ta yi kuka, ya gatsa mata kunne. Jaba ta dawo ta ga jini, ta ruga wajen Kusu. Kusu ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce a yi haƙuri, babba juji ne amma shi ma yana gajiya, kuma kada maganar ta kai kunnen Muzuru. Jaba ta koma ta toshe ƙofar da dutse. Yo wanda ya huda rumbun sarki, dutse ne zai tare shi?

Ya sake shigowa. Wannan karon mai bi wa babbar ya samu, ya karya masa ƙafa. Jaba ta tafi wajen Kurege, shi ne mai bakinsu, shi ke hawa tudu a kasuwa yana zagin zalunci har muryarsa ta dishe. Kurege ya ce ba yanzu ba, a bari a gama da Muzuru tukuna. Ya ƙara da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya sa take barin yara su kaɗai?

Ta ce, "Aikinku na tafi."

Ya ce ai ya sani, Allah ya saka mata da alheri. Ka ji ɗan banza.

Na uku, ta dawo babu Auta. Ta kira, ta kira, ta tone gidan kaf. Sai sawu ta gani a ƙofar baya, da ɗan guntun wutsiya. Ni har yau in na zo nan sai zuciyata ta yi baƙi.

Ranar taro kowa ya zauna. Jaba ta miƙe ta ajiye guntun wutsiyar a tsakiya. Ta ce, "Ƙofata mutum ɗaya na nuna wa. Burgu, ina Auta?"

Burgu ya fashe da kuka. Ya ɗaga faratansa da suka kakkarye a gindin rumbu, ya ce a duba abin da ya yi wa talakawa, yau ga sakayya. Ya ce shi dai ya san Muzuru ya daɗe yana neman wanda zai saya a cikinsu.

Jaba ta juya ta fizge kallabin Kusu. Kunne rabi! Haƙoran nan dai, ba wasu ba. Ta nuna ɗan Kurege da ke ɗingishi a bayan ubansa. Ashe kowa Burgu ya shigar masa ta baya, kowa ya haɗiye. Ba mai iya duban wani.

Burgu ya share hawaye, ya ce a hankali, "Abin rami?"

Suka sunkuyar da kai. Suka amsa.

Ba su kashe ta ba, a'a, su ai masu adalci ne. Ruɓaɓɓiyar daddawa suka kwaɓa suka shafe ta da ita, don duk inda ta je kada a tsaya jin maganarta. Kusu ce ta shafa mata da hannunta, tana yi tana kuka. Suka tura ta waje da 'ya'yanta biyu.

Jaba ta shiga kasuwa tana faɗa. Kurciya ta toshe hanci. Zabo ya ce wanda ya ciyar da shi ba za a zage shi a gabansa ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya ya saurare ta har ƙarshe, Muzuru. Ya ce ta nuna masa bakin ramin, yau ɗin nan zai rama mata.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "'Ya'yan Kusu suna ciki." Ta ja yaranta ta wuce.

Shi Burgu fa, Iya?

Burgu? Ba abin da ya same shi. Da 'ya'yan Kusu suka ƙare, ya koma wani gari. Kirarinsa ya riga shi isa, aka tarye shi da murna, kowa ya nuna masa ƙofar bayansa.

Shi ya sa har gobe jaba take wari, kuna ganinta kuna jifa. Shi ya sa ba ta shiga wuri shiru, tafe take tana tsuwa, maganar nan take maimaitawa. In kuma za ta fita, ba ta barin ɗa a gida. Wannan ya ciji wutsiyarta, wancan ya ciji ta ɗan'uwansa, haka suke tafiya a jere. Tana yi tana waiwaye, har yanzu ƙirgensu bai cika ba.

To, abin rami?

Na ra...

Kul, Tanko! Duk wanda ya cuce ka ya ce ka rufa masa don kada maƙiyi ya ji, to ka riga ka ga maƙiyin, ga shi nan zaune kusa da kai.

Ƙurunƙus kan burgu, na kusu kuwa ya sha wuya, a bar mata abinta.