Ƙauyen da Ba a Ciwo

An ce wani sarki daga cikin sarakunan da suka shuɗe yana da fadar shan iska a gindin dutse, inda yake gudun zafin bazara. Kakansa ne ya haƙa tafki a cikinta, ubansa ya ɗora gadar farin dutse da soraye masu koren rufi. Shi kuwa da ya rasa abin ƙarawa, sai ya sa aka gina masa ƙauye a ƙarshen lambu, da rumbuna da rijiya, aka kwaso talakawa aka zuba, don ya riƙa leƙowa ta taga yana ganin yadda jama'arsa ke jin daɗi. Waziri ya kafa doka: ba a ciwo a ƙauyen nan, ba a makoki. Duk wanda ya kwanta, a fitar da shi ta ƙofar baya. Kowa ya san da dokar, ban da mai tagar.

Akwai wani dattijo masani a cikinsu, Ukashatu, aikinsa kawai ya zauna a gindin tsamiya da farin gemunsa, don sarki na son ganinsa. Ran nan matarsa Rumasa'u ta kwanta. Dogarai suka ɗauke ta da safe, shi kuwa aka hana shi binta, wai gindin tsamiya zai yi fili.

Da la'asar sarki ya fito zagaye, ya tsaya a kan Ukashatu ya ce, "Ya kai dattijo, an ce kana da hikima. Me ya fi kyau a fadar nan?"

Ukashatu ya ce, "Ƙofar baya, ya sarki."

"Ka bar tafki da gada, ka zaɓi ƙofar da ban taɓa gani ba?"

"Ita kaɗai ce ba a yi don idonka ba, shi ya sa ba ta ƙarya."

Sarki ya ɗaure fuska. "Wace ƙarya? Ni ban taɓa jin kuka a ƙauyen nan ba."

"Allah ya ba ka nasara, ai kukan namu waje ake kai shi. Yau matata aka kai. A bar ni in je in riƙe hannunta, iyakar roƙona ke nan."

Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi ƙasa. Sarki ya sa aka buɗe ƙofar, ya bi dattijon da ƙafarsa. Bayan katanga ba itace ko ɗaya, sai kaburbura a jere, da wata mata kwance a tabarma an lulluɓe ta da zane. Mai gadi ya ce tun azahar Rumasa'u ta cika, tana tambayar mijinta.

Kunya ta kama sarki. Ya ce, "Roƙi duk abin da kake so."

Ukashatu bai ɗago ba. "Da safe ne nake da abin roƙo, ya sarki, yanzu ya wuce."

Ya durƙusa ya kama hannun da ya riga ya yi sanyi. Sarki ya daɗe a tsaye cikin rana, sannan ya ce, "Adalcin da ke jiran sarki ya fito shan iska, gawa yake tararwa."