Kuskuren Tanimu, Sau Ɗaya Cikin Dubu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Tanimu sunansa, sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Ku saurara, har ku na baya masu latsa waya, yau zancen gidanku ne.

Asibitin garin na da wata manhaja mai halin mai shago shi kaɗai: in ta kama aiki mai nauyi, kamar tantance gwajin jini, kowa sai ya tsaya. Allo ya daskare, nas na jira, majinyaci na nishi. Aka kira Tanimu. Ya ƙera mata wani ɓangare da harshen da inji ya fi ji, ya zama kamar ma'aikaci a ɗakin baya. A miƙa masa dogon aiki ya shige da shi, manhaja ta ci gaba da sauraron jama'a, in ya gama ya turo sakamako. Sharaɗi ɗaya ne: na baya ba ya taɓa kayan na gaba, wato ita manhajar, sai dai ya bi layi ya miƙa.

Aiki ya yi kyau, wata biyu ba ƙorafi. Shugabar asibitin, Hajiya Dije, ta sa ranar karrama shi da aikin dindindin. Shekara uku yana neman aiki, jama'a, shekara uku!

Ana gobe biki, bayan La'asar, yana sake duba rubutunsa sai ya hango kuskure. A layi ɗaya tak ya bar na baya yana rubutu kai tsaye a takardar na gaba. In gwaji biyu suka ƙare lokaci guda, sakamakon wani na iya faɗawa sunan wani. Sau ɗaya cikin dubu. Zuciya ta ce ya gyara shiru, wa zai sani? To amma sakamakon wata biyun da suka wuce fa?

Ya sami Hajiya a ofis. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na yi kuskure. A dakatar da biki, a sake duba duk gwajin da aka yi."

Ranta ya ɓaci, ta wanke shi tas. Aka dakatar da biki. Kwana biyu ana tonon sakamako, sai ga guda ɗaya: wata mai ciki, Laraba, an rubuta mata rukunin jinin wani, washegari kuma za a yi mata tiyata. Allahu Akbar! Nan take Hajiya ta sa aka gyara.

Kuna jira in ce an ba shi aikin ko? Ba a ba shi ba. Hukumar asibitin ta ce ba ta ɗaukar mai kuskure. Laraba ta sauka lafiya, har yau ba ta taɓa jin sunansa ba. Ni dai duk na tuna wannan mutum sai tsigar jikina ta tashi.

'Yan'uwa, amana ita ce ka tona kuskurenka alhali Allah kaɗai Ya gani. Kai birkila, kai mai kemis, ke ungozoma, kowa na da ɗakinsa na baya. Abin da ka binne a can, wata Laraba ce za ta kwanta a kai.