Koren Fentin Sitt Insaf

Akwai wani mutum a garinmu Bur Sa'id, a ƙasar Masar, mai suna Ra'afat, yana da shagon gyaran agogo a wani lungu bayan tashar jirgin fito. Agogo ne abincinsa, amma ransa yana kan wani abu dabam: 'yan ƙananan injinan ɗaga kaya na ƙarfe, irin waɗanda masu sha'awa ke tarawa su jera a kabad ɗin gilashi. Wani tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma komai na babban yana jikinsa, har ɗan tsanin da direba ke hawa.

In zaren inji ya tsinke, wajen Ra'afat ake zuwa. Sai ya rataye sabon zare da ɗan nauyi a ƙasa, ya bar shi kwana da kwanaki har ya miƙe, sannan ya bi da shi ta kan 'yan tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da bakin matsefata. Fentinsa kuwa, in ya fesa, sai ka rantse yau aka fito da injin daga kamfani.

Allah ya ba shi hannu, wannan babu musu. Sai dai ya haɗa masa da girman kai. Ra'afat bai taɓa ganin aikin wani ya ce madalla ba.

Maƙwabcinsa Makram mai gidan shayi yakan tsokane shi, yana kiransa Usta kamar yadda ake kiran ƙwararren mai sana'a: "Usta, kai ko faɗuwar rana aka kawo maka gyara, cewa za ka yi jan ya yi yawa."

"To ai ya yi yawa," in ji Ra'afat, ko murmushi babu.

Wata rana da hantsi wata mata ta shigo rungume da abu a cikin tawul. Ta ce sunanta Nagwa, daga tsallaken ruwa take, Bur Fu'ad. Da ta buɗe tawul ɗin sai ga wani tsohon ɗan inji, wuyansa ya langaɓe, zaren ya tsinke. An laɓta masa koren fenti mai kauri da burushin fentin gida, ga sawun gashin burushi, ga ɗigo nan da can ya bushe a jikin wuyan.

Ra'afat ya dafe ƙirji. "Wa ya yi wa bawan Allah wannan aika-aika? Wannan fa rawaya aka ƙera shi! Ko ƙofar bayan gida ba a yi mata irin wannan shafe."

Nagwa ta ce, "Na mahaifina ne, Usta Gharib. Babban irin wannan injin ya tuƙa a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu tsufa ya tafi da tunaninsa, ko sunana ba ya kira, baiwar Allah yake ce min. Amma kullum da la'asar yakan zauna a baranda, ya murɗa wannan, ya ɗauko ƙwayar sukari da shi ya sauke a kofin shayi. In ya sha shayin sai ya ci abinci. Tun da zaren ya tsinke ya daina sha, abincin ma sai da magiya. Zaren kawai nake so. Don Allah kar ka taɓa fentin."

"An gama, 'yar'uwa," in ji shi. Amma idonsa yana kan koren.

Zaren ya yi kyau ƙwarai. Wuyan injin ya miƙe, ƙugiyar tana sauka a hankali ba gargada. Da a nan ya tsaya, da ba ku ji labarin nan ba.

Da rana ta karkata, haske ya shigo shagon ta ƙofa, agogunan bango suna ta ƙas-ƙas kowa da nasa lokacin. Can ƙarshen titi wani ƙaton jirgi yana ratsa mashigin ruwa, shiru, kamar yana tafiya a tsakanin gidaje. Ra'afat ya zuba tagumi yana kallon ɗan injin. Ya hango shi rawaya fes, yana sheƙi. Ya hango tsohon ya tashi tsaye don murna, 'yar tana kuka tana sa masa albarka, labari ya zaga gari. Har ya ji kamar rawayan da ke ƙarƙashin koren yana roƙonsa ya fito da shi ya sha iska.

Ya cire zaren, ya tsoma injin a ruwan cire fenti. Koren ya ɗaye ya taso, yana yawo a saman ruwan kamar ɓawon albasa.

Ya fesa rawaya irin na asali. Ya ƙara masa 'yar sarƙa, da fitila, da ɗan mutum mai hular kwano a kujerar direba. Gaskiya aikin ya yi kyau. Don ma kar yabon ya wuce shi, da kansa ya ɗauka ya hau jirgin fito.

Nagwa ce ta buɗe ƙofa. Da ta ga abin da ke hannunsa, sai ta dafa bango. Ta wuce gaba ya bi ta har baranda.

Usta Gharib yana zaune a kujerar kaba, ya rame, idonsa a kan ruwa. A gabansa kofi biyu ne na shayi, duk sun huce, ga wata kujera babu kowa a kai. Aka ajiye masa injin. Ya shafa wuyansa da yatsu daga ƙasa har sama, ya janye hannu.

"Baiwar Allah, wannan na kamfani ne. Ku mayar musu kafin a ce na sata."

Ya juya ya ci gaba da kallon jiragensa.

A bakin ƙofa Nagwa ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mahaifiyata ce ta shafa koren, Sitt Insaf, Allah ya jiƙanta. Ranar da ta yi wa tagogin nan fenti, da ragowar ta shafe shi. Ta ce masa rawaya na kamfani ne, wannan na gidanta ne. Kofi na biyun nan nata ne. Ai na roƙe ka, Usta."

Ra'afat ya ɗaga kai ya ga murafen tagogin, kore shar, sun sha iskar teku. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe burushi. Koren da ya wanke ya zubar a kwata ba ya dawowa, kuma tsohon yana ƙara ramewa.

Ya roƙi ɗan ɓallin fenti daga jikin taga, ya koma shago da injin. Ya yi ta haɗa kala har ta zo daidai, ko shi ba ya iya bambance su. Ya cire sarƙar da fitilar da ɗan mutumin, ya fesa koren, ya sake tsallakawa.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya miƙa yatsu ya bi wuyan, yana neman wani abu. Sumul, babu ko ƙwarzane.

"Ba ta nan," ya ce. Ya ture kofin shayin gefe.

Ra'afat ya dawo ya zube a bencin Makram, ya ba shi labari duka.

Makram ya ajiye masa shayi ya ce, "Ka san ciwonka, Usta? Ka iya da yawa. Matar nan ba ta iya ba, kuma rashin iyawar nan ce mijinta ke shafawa shekara da shekaru. Je ka nemo wanda bai iya ba."

"Kamar kai?"

"Ni ai na fi ƙarfin aikin, ko bangona ban shafa ba tun aurena. Gidan babu mai hannu irin nata ne?"

Washegari Ra'afat, wanda ba ya taɓa burushi sai na gashi mai laushi, ya shiga kasuwa ya sayi burushin fentin gida mai arha, da ɗan gwangwanin fentin mai, ya haɗa koren a ciki. Da la'asar ya shimfiɗa tsohuwar jarida a barandar, gaban tsohon, ya kwance zaren, ya miƙa wa Nagwa burushin.

"Ni? Ban iya ba."

"Shi ya sa na ba ki."

Ta tsoma burushin har wuya, ta fara shafawa. Warin fenti ya gauraye da warin teku. Tsuntsayen ruwa suna shawagi a kan jirgin fito, wani jirgi ya yi kuka daga nesa, hasken yamma ya kwanta a kan tagogin. Tsohon ya juyo da kansa a hankali, yana shaƙar iska.

Sai ga wani ɗigo mai kauri ya gangaro a wuyan injin. Hannun Ra'afat ya tafi da kansa, riƙe da tsumma. Ya kusa kaiwa, sai ya tsaya. Ya mayar da hannun bayansa, ya riƙe shi da ɗayan.

Nagwa ta kai yatsa za ta share.

"Bar shi, Nagwa," in ji tsohon. "Hannun uwarki gare ki. Ita ma haka take zubarwa."

Burushin ya faɗi a kan jarida. Rabon da ta ji sunanta a bakin mahaifinta har ta daina sa rai. Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, shi kuma yana shafa kanta da hannun da ya taɓa ɗanyen fentin, duk ya ɓata mata ɗankwali da kore. Ra'afat ya juya yana kallon ruwa, wai warin fenti ne ya shiga masa ido.

Da fentin ya bushe, ya dawo ya mayar da zaren. Nagwa ta kawo kofi uku. Usta Gharib ya bi wuyan injin da yatsu, ya tsaya a kan ɗigon nan, ya gyaɗa kai. Ya fara murɗawa. Ƙugiyar ta sauka da ɗan kwandonta, ta ɗauko sukari, ta juya ta sauke a kofin da ke gaban kujerar Sitt Insaf. Ta koma ta kawo nasa. Ya kurɓa, ya ce a kawo masa burodi da cuku.

Sannan wuyan injin ya sake juyawa a hankali, ya tsaya a saman kofin Ra'afat.

"Kai mai zare, guda nawa kake sha?"

Duk Bur Sa'id an san Ra'afat ba ya sa sukari a shayi. Ya tura kofinsa ƙarƙashin ƙugiyar da hannu biyu.

"Duk yadda ka sauke, Baba."

Darasi: Ba duk abin da ka ga ya karkace ne yake jiran gyaranka ba. Wani tabon, hannun masoyi ne ya bar shi, kuma shi ne ke riƙe da wani a duniya. In an ce maka kar ka taɓa, ka tambayi dalili kafin gwanintarka ta yi ɓarna. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, musamman gwanayen cikinmu, mu tuna wa juna.