Na'a-na'ar da Ta Bi Rariya

Akwai wani mai shayi a Birnin Gwari, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ana ce masa Maikuɗi. Teburinsa na bakin hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Kaduna. Masu shayi ba su yi kaɗan a wurin ba, amma gabansa direbobi ke taka birki, saboda wani ganye da yake jefawa a buta.

Na'a-na'a ce. Wani falke ya ba shi reshe ɗaya, ya dasa a fasasshiyar tukunya a tsakar gida. Matarsa Habiba ke ba ta ruwa safe da yamma, amma in ka ji shi a bakin tebur, sai ka rantse shi ya halicce ta. Cewa yake ganyen nan hannunsa kaɗai ya sani, a hannun wani ƙonewa yake.

Katangar zana ce ta raba gidansa da na Enoch, wani manomi Bagwari. Wata rana matar Enoch, Martha, ta shigo da sallama. Ta ce surukarta na fama da kumburin ciki, ko zai taimaka mata da reshe ɗaya ta dasa.

Maikuɗi ya tsinke ganye 'yan kaɗan ya zuba mata a tafi. "Ga na yau, maƙwabciya. Reshe kuwa ba ya fita gidan nan, ƙiwuya gare shi."

Martha ta yi godiya ta tafi.

Shi kuwa gogan ya san sarai reshen na'a-na'a ko a ƙasa ka yar, in ya sami laima kamawa yake. Don haka idan ya zage ganyen da zai kai teburin shayi, ba ya kai karan juji, kada wani ya tsinta. A rariya yake turawa, ya bi da ruwan wanke-wanke. Yana ta yaba wa kansa wannan dabara.

Da rani ya kama, sai wani direba ya yaba shayin a gaban jama'a, har da cewa babu irinsa daga nan zuwa Tegina. Maikuɗi ya koma gida da fargabar baki. Ya ɗauko babban kwando ya kife tukunyar, ya lulluɓe da tabarma, ya hana ko Habiba ɗagawa. Ta ce masa shuka ba kaza ba ce, tana son rana. Ya ce ita me ta sani.

Ranar da ya buɗe, ganyen ya yi fari fat, saiwa ta ruɓe.

Ya gwada citta. Ya gwada kanumfari. Direbobi suka kurɓa, suka dubi juna. Kafin kasuwa ta zagayo, motocin da ke tsayawa gabansa sun koma tsayawa gaban wasu, shi yana zaune yana korar ƙuda daga burodi.

Wata safiya yana alwala kusa da zana, sai ƙamshin da ya sani ya bugi hancinsa. Ya leƙa ta ɓula. Daidai inda rariyarsa ke zuba a gidan Enoch, na'a-na'a ce kore shar, ta shimfiɗu kamar darduma.

Ya sa hula ya zagaya. Ya yi gaisuwar gona, ta yara, ta surukar, har gaisuwa ta ƙare masa. Martha ba ta bari ya kai ga roƙo ba. Ta ɗauko fartanya ta haƙo masa dunƙule guda, da saiwa da ƙasarsa, ta sa a ƙwarya.

"Malam, ai taka ce," in ji ta. "Ta rariyarka ta biyo. Mu dai rana muka bar mata."

Maikuɗi ya karɓa da hannu biyu. A hanyar fita ya ga tukwane jere a gindin zana, kowacce da reshe a ciki. Martha ta ce na maƙwabta ne, amma in bai so ba, sai ta fasa ba su.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Ki ce musu kada su kife da kwando."

Darasi: Abin da ka ɓoye wa mutane a hannunka yake mutuwa, wanda ya kai gidan maƙwabci shi ke dawo maka ranar da ka rasa. Ku tura wa 'yan uwa. Na san halinku, ku karanta ku yi shiru kamar ba ni na sha wahalar rubutawa ba. Kada ku kife mini labari da kwando.