Farfelar Jirgin Malam Isyaku

Maliki bakanike ne a garin Daura, kuma duk wanda ya taɓa kai masa babur ko injin ban-ruwa ya shaida yana da hannu. Aibinsa shi ne ba ya son a nuna masa aiki. Da ka ce masa, "Duba nan," sai ya miƙo maka sifana ya ce, "To karɓa ka yi da kanka." Ga shi kuma da gaggawa, burinsa a ce ba wanda ya kai shi saurin gyara.

Ƙanwarsa Fadila tana aure a wani ƙauyen masunta da ke bakin dam ɗin Daberam. Mijinta Zailani masunci ne mai ɗan ƙaramin kwale-kwale na tuƙi da hannu. A duk ƙauyen jirgi ɗaya ne mai inji, na wani dattijo Malam Isyaku. Da shi ake ƙetarar da manoma, da shi kuma ake kai ɗauki idan ruwa ya rutsa da wani.

Wata rana da damina farfelar injin ta daki kututture ta lanƙwashe. Malam Isyaku ya sa aka sayo masa sabuwa. Zailani ne ya ce masa, "Ai surukina Maliki ya san inji, bari in kira maka shi."

Maliki ya zo da hantsi a kan babur. Ya zare tsohuwar farfelar, ya goge sandar da take zama a kai, ya shafa mata giris, ya mayar da wosha, ya zura sabuwar, ya ɗaure noti. Abin da ya rage ɗan siririn ƙarfe ne mai ƙafa biyu, wanda ake sokawa ta ramin sandar a buɗe ƙafafunsa, don ya hana notin juyawa. Tsohon ƙarfen ya karye wajen cirewa.

Malam Isyaku, da ke tsugune yana kallo, ya ce, "Maliki, ɗan makullin nan fa? Mai gyaran da ya saba zuwa ba ya barin wurin haka."

"Baba, wannan ƙarfen ado ne kawai. Notin da na ɗaure ba ya kwancewa."

"Ka yi haƙuri dai. In babu a nan, a jira gobe a samo a Daura. Ruwa ba hanya ba ce da mutum zai tsaya ya tura."

Ran Maliki ya ɓaci, don akwai mutane a wurin. Ya ƙara matse notin da ƙarfinsa, ya tayar da injin, farfela ta juya ruwa ya yi kumfa. Ya ce, "Ka gani? Shekarata ashirin ina wannan aiki." Dattijon ya bar maganar, don kunyar Zailani da ya kawo shi. Maliki bai ko tsaya cin abincin da Fadila ta dafa masa ba, ya hau babur ya tafi.

Kwana tara jirgin yana aiki lafiya. Amma kullum aka sa injin ya ja da baya, notin yana sassautawa kaɗan kaɗan, ba wanda ya lura.

A rana ta goma, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Masunta suka rugo gaɓa, ban da Zailani da ya yi nisa wajen janye ragarsa. Mutane suna tsaye suna gani igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalensa. Aka hango shi ya rungumi bayan kwale-kwalen yana ɗaga hannu.

Malam Isyaku da maza biyu suka faɗa jirgi. Ya ja da baya ya juya, ya saki wuta. Sun ci kusan rabin tafiya sai injin ya yi wata irin ƙara, jirgin ya tsaya cak. Injin yana kuka, ba abin da ke tura ruwa. Dattijon ya leƙa, sandar ce kaɗai ke juyawa. Notin ya kwance, farfela ta nutse.

Suka ɗauki filafilai suka yi ta tuƙi, iska tana mayar da su baya. Kafin su isa, hannun Zailani ya gaji ya saki. Sai washegari aka samo gawarsa a cikin ciyawa.

Maliki ya zo jana'iza. Ba wanda ya zarge shi. Malam Isyaku ma da suka gaisa, cewa ya yi, "Laifina ne, da na gani na yi shiru." Wannan magana ta fi zagi yi wa Maliki ciwo.

Ranar sadakar uku ya shiga wurin ƙanwarsa. Ya same ta zaune a kan tabarma, 'yarta tana barci a cinyarta. Ya durƙusa ya ce, "Fadila, ni ne. An faɗa mini in sa abin, na ƙi."

Ta gyara wa 'yarta kwanciya. Sannan ta ce, "Na sani, Yaya. Kwanansa ne ya ƙare, na yarda da wannan. Amma ranar da ka yi gyaran, da ya shigo gida sai yabonka yake yi. Ya ce ya fita kunyar Malam Isyaku."

Maliki ya tashi ya fita. Ya ɗauki nauyin Fadila da 'yarta har yau, ba ya gajiya. Sai dai yarinyar ta fara wayo, kuma duk lokacin da ya je takan tambaye shi, "Kawu, me ya sa ba a ceto Babana ba?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, a aikin da rayukan mutane suka rataya a kansa babu ƙaramin abu. Wanda ya ƙera inji bai huda rami a banza ba. Idan an ba ka gyara, ka kammala shi yadda ya kamata ko da zai kai ka gobe, kuma idan aka yi maka gyara a aikinka ka saurara, ko daga bakin wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Wanda kuma ya ga kuskure kada kunya ta rufe masa baki. Gyaran da aka jinkirta ana iya yin sa gobe, amma ran da ya tafi ba ya dawowa.