Tirelar Lyuben a Gangaren Beklemeto

Lyuben Gatev kafinta ne a garinmu Troyan, kuma shi ne mijin ƙanwata Nevena. Allah ya yi masa baiwar hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Kujerar da ya haɗa sai jikoki sun gaje ta. Aibinsa ɗaya ne tak, amma ya ishi mutum goma: ba ya karɓar gyara. In ka ce masa hularsa ta karkace, sai ya ce kai ne kake tsaye a karkace. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa manyan motoci, na sha haɗiye maganata a gidansa don ƙanwata ta zauna lafiya.

Wata shekara sai ya ɗauki aniyar ƙera 'yar tirela ta kwana, irin wadda ƙaramar mota take ja. Gabanta a kumbure, bayanta ya sirance kamar ɗigon hawaye. Cikinta katifar mutum biyu ce kawai, a baya kuma akwai murfi da ake ɗagawa sama, ƙarƙashinsa wurin girki. Ya yi wa Nevena alkawarin in ya gama zai kai ta Burgas wajen 'yarsu Raya, su kwana a bakin teku. Nevena ta yi murna ƙwarai, domin aikinta na zanen kwanonin yumɓu ya daɗe da ɗaure ta a kan kujera ɗaya.

Ya shafe hunturu da bazara a gareji, yana lanƙwasa katako yana gogewa. Da ya gama, unguwa ta taru kallo, kuma gaskiya abin ya yi kyau. Katakon har ɗaukar ido yake yi. Lyuben ya hango ni, ya ɗaga murya.

"Yaya Stamen, zo ka ga aikin maza!"

Ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin wuyan tirelar, wato ƙarfen da ake maƙalawa a bayan mota, ya ɗaga shi sama ba ko nishi. Mutane suka yi tafi. Ni kuwa ban yi tafi ba. Na zagaya na duba, sai na ga ya dasa tayoyin a tsakiya daidai, da gangan, don ya samu abin nuna wa mutane.

Na jawo shi gefe na ce, "Lyuben, tayoyin nan sun yi gaba da yawa. Tirela kanta ake so ya yi nauyi, ya danne bayan mota. In nauyin ya koma baya, a gangare ita za ta tuƙa ka. Ka matsar da su baya, aikin wuni ɗaya ne, ni zan riƙe maka walda."

Maimakon ya ba ni amsa a hankali kamar yadda na yi masa, sai ya juya wajen jama'a yana dariya.

"Ku ji fa, direban gingimari ya zo koya mini sana'ata! Yaya, kai buhunan siminti ka saba ja. Wannan amarya ce, ba ta son hannun ƙato."

Aka yi dariya. Nevena ba ta yi ba. Ta dube ni, na dube ta, raina a ɓace na koma gida.

Ranar tafiya ta faɗo a ƙarshen damina, lokacin da kowane gida yake dafa tanadin hunturu. Ni ma zan tsallaka dutse zuwa Plovdiv, don haka muka yi shawarar in bi bayansu har mu sauka. Muka fara tsayawa a ƙauyenmu da ke gindin dutse don yi wa mahaifiyarmu sallama. Kowa ya san Inna Donka. Ba a fita gidanta hannu rabbana, balle ta ji an ce wajen jikarta za a je. Mun tarar ta jera akwatuna a bakin ƙofa, cike da kwalabe: miyar lutenitsa da ta dafa da jan tattasai da tumatir, kabeji mai tsami, zuma, dafaffun 'ya'yan itace, da ƙatuwar gora ta giyar gida da ake kira rakiya don mijin Raya.

Nevena ta ce, "Inna, a Burgas ma fa akwai kasuwa."

"Kasuwa? Ruwan fenti suke sayarwa a can. So kike jikata ta rame? Ku ɗauka duka, kwalba ɗaya ta dawo ban yafe ba."

Babu mai iya ƙin kwalaben tsohuwa, wannan ba laifin Lyuben ba ne. Laifinsa inda ya zuba su. But ɗin motarsa cike yake da kujeru da kayan aiki, sai ya ɗaga murfin baya na tirela ya shiga cusa akwatunan a wurin girki.

Na ce, "Haba Lyuben! Sa su a ciki, can gaba a kan katifa."

"A kan sabuwar katifa? Kabeji ya zubo mini a shimfiɗa? Kayan abinci wurinsu kicin."

"To kawo in ɗauka a motata, in mun sauka ƙasa sai ka karɓa."

"Don ka je ka ba da labari a shagon shayi cewa tirelata ta kasa ɗaukar kwalaben Inna? Na gode, Yaya."

Da ya rufe murfin, na duba bayan motarsa na ga ya ɗan ɗaga sama maimakon ya nutse. Na kira Nevena na ce ta dawo motata. Ta dubi mijinta da ke goge madubi da gefen rigarsa, sannan ta ce mini a hankali, "In na bar shi shi kaɗai a gaban Inna, ba zai manta ba har abada. Zan riƙa ja masa kunne ya tafi sannu." Inna ta watsa kofin ruwa a gaban motar kamar yadda ake yi wa matafiyi, muka kama hanya.

Hawan dutsen bai ba da wahala ba, domin a hankali ake hawa. A can ƙololuwar dutsen, wurin da ake kira Beklemeto, muka tsaya. Lyuben ya fito yana buga ƙirji.

"Ina ɓarnar da aka yi mana duba? Ko motsi ba ta yi ba!"

Nevena ta ce, "Ta yi, Lyuben. Na ji tana fizgar mu."

"Tsoron yayanki ne ya shige ki."

Muka fara gangara. A wuraren lanƙwasa na farko yana tafiya sannu, ni ina biye, idona a kan bayan tirelar. Sai muka fito wani wuri da titi ya ɗan miƙe amma gangaren bai ragu ba. Dutse a hagu, kwari mai zurfi a dama, tsakaninsu da shi shingen ƙarfe ne kawai. Motoci sun taru a bayana, wani saurayi ya fara danna ham. Na san Lyuben, na san ba zai jure a yi wa amaryarsa ham ba. Ai kuwa sai na ga ya ƙara wuta.

Bayan tirelar ya fara kaɗawa, hagu, dama, kaɗan kaɗan. Na kunna masa fitila, na danna ham har hannuna ya yi zafi. Daga baya Nevena ta gaya mini abin da ya gudana a cikin motar.

"Lyuben, tana rawa. Ka rage gudu."

"Iska ce."

"Ga fili can, don Allah ka tsaya mu sauke kwalaben."

"In tsaya Stamen ya zo ya tsaya a kaina yana girgiza kai? Ki bar ni in yi tuƙi!"

Ya wuce filin. A daidai nan wata babbar mota ta taho daga ƙasa, iskarta ta bugi tirelar. Kaɗawar ta zama wurgi. Na ga taya ɗaya ta bar ƙasa, ta dawo, ɗayar ta tashi. Bayan motar ya shiga bin tirelar duk inda ta juya. Lyuben ya taka birki da ƙarfi, ya fizgi sitiyari, abin da bai kamata ba ke nan. Tirelar ta turo motar ta juya ta a tsakiyar titi, gefen da Nevena take zaune ya daki shingen ƙarfe da wata ƙara da har yau nake ji a kunnena. Tirelar ta tsinke, ta kife, ta tarwatse.

Ban san yadda na fito daga motata ba. Titi duk ya yi ja, ina gudu ina kiran sunan ƙanwata, ina zaton jininta nake takawa. Lutenitsar Inna ce. Shingen ya lanƙwashe amma ya riƙe motar, tayarta ɗaya tana lilo a kan kwari. Lyuben ya fito ba ko ƙwarzane. Nevena tana ciki, idonta a buɗe, hannunta na dama ya matse tsakanin ƙofa da kujera. Sai da 'yan kwana-kwana suka yanka ƙofar kafin a fito da ita.

An yi mata aiki a hannun har ya gaji da wuƙa. Ranar da aka bar mu muka shiga wajenta, Lyuben ya zauna a bakin gado, kansa a ƙasa, ya fara magana.

"Ba don babbar motar nan ba, da iskar da..."

Nevena ta katse shi, muryarta ba faɗa a ciki. "Na roƙe ka ka tsaya, Lyuben. Ka ji ni. Ka gwammace in faɗa kwari da a ce yayana ya yi gaskiya."

Karo na farko ke nan da na ga an yi masa magana bai mayar ba, kuma ban ji daɗin ganin hakan ba ko kaɗan.

Nevena ta koma gidanta, amma yatsun hannun ba su ƙara rufuwa ba. Ta bar zane. Yanzu kullum da safe Lyuben ne yake ɓalla mata maɓallan riga, ya yanka mata burodi, ya taje mata gashi. Tana gaya masa inda ya yi ba daidai ba, shi kuma yana gyarawa ba musu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta a sana'a ɗaya ba ta sa mutum ya san komai. Wanda ya gyara maka kuskure ba ƙasƙantar da kai ya yi ba, taimakonka ya yi. Kunyar karɓar gyara ta ɗan lokaci ce, amma ɓarnar da taurin kai yake jawowa tana iya zama ta har abada, kuma sau da yawa ba mai taurin kan ne yake ɗaukar raunin ba, wanda ya amince ya zauna kusa da shi ne. In an ce ka tsaya ka duba, ka tsaya tun filin tsayawa bai wuce ka ba.