Wutar da Mas'udu Ya Hura Ranar Asabar

An yi wani mutum, wani bawan Allah maƙeri, a wani gari can nesa, tun zamanin da. Sunansa Mas'udu. Maƙwabcinsa Bayahude ne, Shamwilu, da matarsa Rahila. Sun daɗe da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, har furfura ta fara fito mata.

Ku saurara da kyau. Wata unguwarzoma ta samo mata saiwa a hannun fatake. Ta ce a daka ta ɗanya, a dafa, ta sha da zafinsa washegarin wankan tsarkinta. In ranar ta wuce, saiwar za ta bushe, fataken kuma sai baɗi. Jama'a, ranar sai ta faɗo Asabar. Su kuwa a addininsu, ran Asabar ba a hura wuta, ba a daka. Shamwilu ya je wurin malaminsu. Malamin ya ce rashin haihuwa ciwo ne, amma ba mai kisa ba, don haka hannun Bayahude ba zai taɓa wuta ba, sai dai wanda ba Bayahude ba ya yi musu aikin.

To, wa za a kira? Mas'udu jiya-jiya ya binne ɗansa, ɗaya tilo. Shamwilu ya zo ƙofarsa, ya tarar ana zaman makoki. Kunya ta kama shi, ya yi gaisuwa, ya juya.

Rana ta karkata, sai Mas'udu ya jiyo kukan mace ta bayan katanga. Ya tambaya, aka gaya masa. Ya miƙe. Yayansa ya riƙe masa riga.

"Ƙasar kabarin ɗanka ba ta bushe ba, za ka tafi dakan magani?"

"Yaya, kwana ɗaya na yi a gidan da babu yaro, ka ga yadda na koma. Ita shekararta nawa?"

Ya shiga gidan Shamwilu, ya hura wuta, ya daka, ya dafa, hawaye na zuba a turmi.

Rahila ta sha maganin, shekara na zagayowa ta haihu. Mas'udu kuwa, Allah bai sake ba shi ba. Ya tsufa yana jin muryar yaro ta bayan katanga, nasa gidan shiru. Wallahi duk sanda na tuna, zuciyata sai ta karye.

Ku ji ni: alheri ba ciniki ba ne. Mu kam, in baƙin ciki ya same mu, sai mu rufe ƙofa, mu ji haushin mai dariya. Mas'udu ciwonsa ne ya buɗe masa kunne. Kai da ke zaune nan, wa ke kuka bayan katangarka yau?